Rasuwar Ƙwan Lantarkin Ɗakin Awaki, Ajiyar Romanus

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Andrawus Kumai, tsohon mai juya layi a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, a madadin matata Afiniki da 'yarmu Roseline da awaki goma sha bakwai, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan aiki rasuwar ƙwan lantarkin ɗakin awakinmu, wanda aka fi sani da Gulob. Ya rasu ranar Alhamis, 18 ga Agusta, 1977, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ana tsakiyar ruwan sama, yana bakin aikinsa. Ya bar duniya yana da shekara goma sha biyu.

Ina so a sani tun daga farko cewa marigayin ba nawa ba ne. Ajiya ce aka bar mini. Mai shi shi ne Romanus Anikwe, mutumin wajen Udi a can Gabas, wanda ya yi aikin gyaran wutar lantarki a reluwe, wanda kuma rabona da ganinsa ko jin labarinsa shekara goma sha ɗaya ke nan. A wurinmu ba a sa gawa a rami sai mai gawa ya zo ya gani da idonsa. Saboda haka wannan takarda sanarwar rasuwa ce, kuma cigiya ce, ina roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshenta.

Ba mu san garin da aka haifi marigayin ba. Akwai rubutu a ƙeyarsa, amma kashin ƙuda ya rufe rabi, abin da ya rage kuwa bai ce komai ba sai wat ashirin da biyar. Mun dai san lokacin da ya shigo gidanmu, daminar 1965. A lokacin Romanus yana haya a gidan da ke jikin namu, shi da matarsa Immaculata da 'yarsu Uzoamaka. Gidansu akwai lantarki, namu babu. Ɗakin awaki guda muke da shi a kan iyaka, ni da awakina uku, shi da tasa guda ɗaya mai suna Sista. Wata magariba Afiniki ta shiga za ta kwashe tsohuwar ciyawa, ta miƙa hannu a duhu, sai ciyawar ta yi huci. Kububuwa ce. Ihun da ta yi, wani direban jirgin kaya ya ce ya ji shi daga tasha, ni kuma ba ni da dalilin ƙaryata shi. Romanus ya tsallako shinge da adda, ya gama da macijiyar, sannan ya tsaya yana duban rufin.

"Madam," ya ce da Afiniki, "wannan ɗaki shi yana so wuta. Gobe ni zan sa."

Washegari ya zo da tsani da waya da wani ƙaramin kwali a aljihun rigarsa. Bai yarda ya sa wuta a ƙarƙashin rufin ciyawa ba, sai da muka yaye muka buga tsofaffin kwanuka. Ya sami gora ya huda gaɓoɓinta da jan ƙarfe, ya zura wayar a ciki, ya ɗaure gorar a jikin azara inda haƙori ba zai kai ba. Ya rataye marigayin a azarar tsakiya, ya saƙa masa raga ta waya kamar ƙaramin kwando, ya bar igiyar kunnawa tana lilo. Duk aikin nan da fito ya yi shi, don Romanus ba ya iya hawa tsani bakinsa a rufe. Da ya sauko sai ya ba ni doka uku, yana ƙirgawa da yatsunsa masu baƙin mai. Kada a bar abin hawa a ƙarƙashin wuta. Kada a taɓa igiya da jiƙaƙƙen hannu. Ta uku, wadda ya maimaita sau biyu, kada a rataye ganye kusa da ƙwan.

Wanda bai taɓa kiwo a ƙasarmu ba, bari in yi masa bayani. Da damina ba a sakin awaki, don kada su shiga masara da accar mutane. Ɗaure su ake yi a ɗaki har a yi girbi, a saro ganyen mangwaro ko na ɓaure a ɗaure da igiya a rataye daga rufi, saboda akuya ba ta cin abin da ta taka. Wato tun tana shan nono muke koya mata cewa duk abin da ya sauko daga sama a bakin igiya abinci ne. Romanus ya gane wannan a yini guda. Ni da aka haifa a cikin awaki, sai da na shekara goma sha biyu da marigayin kafin na gane.

"Andrawus," ya ce, "akuya ba shi da mugunta, son sani ne yana damun shi. Ganye can bakin ƙofa, gulob nan tsakiya. Ko gaisuwa kada su yi."

Daga nan ya ja igiyar. Marigayin ya ce "ƙyas", wadda ita ce kalmarsa ta farko, ɗakin ya yi haske, awaki huɗu suka daina tuƙa a lokaci guda.

Mai gidan hayar Romanus ƙwai ɗaya tak ya yarda a ja, don haka sai ya zamana a gidanmu mutane suna zama da fitilar kananzir, awaki suna zama da lantarki. Wannan ya jawo mini magana a gari, ban kuwa manta da waɗanda suka yi ta ba. Mahaifiyata ta taso takanas daga Manchok ta zo gani. Ta leƙa ɗakin, ta leƙa namu, ta ce, "Ku kuna duhu, akuya yana haske. To, akuya zai yi karatu ne?" Akuya ba ta yi ba, amma Roseline ta yi. Ita da Uzoamaka suka riƙa shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin bayan cin abincin yamma, littafi a cinya, sanda a hannu. A nan Roseline ta shirya wa jarrabawar shiga sakandare, ta kuma ci. Yau nas ce a asibiti. Gaskiya ne Sista ta cinye mata shafi bakwai na littafin lissafi, kuma shafukan rabawa ne, shi ya sa har gobe in aka ce ta raba wani abu kashi uku sai ta ɓata rai. Amma wannan ba laifin marigayin ba ne, shi ya haska duk abin da ya faru.

Gulob mai tawali'u ne. Bai taɓa cika ido da haske ba, bai kuma taɓa leƙa abin da ba a tambaye shi ba. Kusurwoyin ɗaki ya bar su da sirrinsu, tsakiya kuwa ko allura ta faɗi za a gani. Ba shi da yawan magana. In an kunna shi ya ce "ƙyas". In masu wuta suka rage ƙarfi, ya yi ja kamar garwashi ya ce "zzz" a hankali, ba ƙorafi ba, sanarwa kawai. In an kashe shi yana hucewa, ya ce "tik, tik" sau biyu ya yi shiru. A ƙarƙashinsa aka haifi 'yan awaki fiye da talatin, a ƙarƙashinsa na cire wa Sista ƙaya a kofato, kuma tun ranar da ya fara aiki maciji bai sake kwana a ɗakin ba. Ƙwari sun dame shi kowace damina, bai taɓa korar ko ɗaya ba.

Ya kuma san lokacin yin shiru. A ƙarshen Satumba na 1966, lokacin tashin hankalin da ya kori mutanen Gabas daga Arewa, Romanus da Immaculata da Uzoamaka sun yi kwana biyu a cikin ɗakin awakin nan, a bayan dammunan ciyawa. Kwana biyun nan babu wanda ya ja igiya. Afiniki ta riƙa shiga da tuwo a ƙarƙashin ganyen mangwaro, awakin kuma, Allah ya saka musu, suka yi ta kukansu kamar kullum. A rana ta uku da safe na raka su tasha. Akwati ɗaya suka ɗauka. Romanus ya leƙo ta taga ya kama wuyan hannuna.

"Ka riƙe mini gulob da akuya," ya ce. "Kada kowa ya canza shi. Ni na sa, ni zan canza. Wata uku, na dawo."

Ina bakin aiki a ranar. Ni na juya wa jirginsu layi.

Wanda ya kama gidan hayar bayansu ya yanke wayar a mako na farko, yana da iko kuwa, wutarsa ce. Marigayin ya shekara biyar a rataye cikin duhu bai yi gunaguni ba. Kowace Asabar ina hawa tsani in cire raga in goge shi da busasshen tsumma in mayar. Yaƙin basasa ya zo ya ƙare. Mutanen Gabas suka fara dawowa, wasu da iyali, wasu su kaɗai, wasu da rigar da ta yi musu yawa. Duk wanda ya sauko daga jirgi na tare shi. Wani ya ce ya ga mai kama da Romanus a Umuahia. Wani ya ce a'a, wancan Linus ne, ɗan'uwan wani direba. Wata mata ta dube ni ta buɗe baki, sai ta rufe ta ɗauki kayanta. Na rubuta wasiƙa sau shida zuwa Udi. Ba a amsa ba, ba a kuma dawo da ko ɗaya ba.

A 1971 aka ja mana namu lantarkin. Na ce da mai haɗa wutar ya fara da ɗakin awaki. Ya dube ni, ya dubi Afiniki don ta taimake shi, ba ta taimake shi ba. Da ya hau tsani ya ga marigayin sai ya ce wannan ai ya mutu tun tuni, bari ya sa sabo. Na ce ya haɗa waya kawai ya sauko, kuma na faɗa da muryar da nake tsayar da jirgin kaya. Ya sauko. Na goge hannuna a wando, na ja igiya. "Ƙyas." Afiniki ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse.

"Baban Roseline, yana da rai!" ta ce. "Romanus yana da rai! Muddin wannan gulob yana ci, shi ma yana nan."

Ni dattijo ne a ikkilisiya. Na tsawata mata a wurin, na ce wannan camfi ne, ran mutum yana hannun Ubangiji, ba a cikin gilashi yake ba. Ta ce ta ji. Na sake maimaita mata a hanyar sujada ranar Lahadi, ta ce ta ji tun jiya.

Game da ɗaya ajiyar, wato Sista, ta mutu da tsufa a 1972, amma ta bar zuriya. Nawa awakin an sayar, an yanka, an kai gaisuwar surukai, sun ƙare. Na Romanus ban taɓa ko ɗaya ba, don ba a ce in taɓa ba. Su ne goma sha bakwai ɗin da na ambata a sama. Kowace Kirsimeti muna cin kaza, awaki goma sha bakwai suna kallonmu ta ƙofa, Afiniki kuma tana kallona. Ina sane da abin da ake faɗa a kaina a zumuntar mata ta coci.

Waɗannan awaki su ne jarrabawar marigayin a duniya. Wata 'yar Sista ta gano cewa in ta miƙe ta ja igiya, haske yana zuwa. Kwana uku ana ganin wuta a ɗakin da rana tsaka, har aka fara cewa Andrawus ya yi arziki yana kunna wa dabbobi lantarki da azahar. Na gajarta igiyar, ta yadda Afiniki ma sai da ƙugiya take kaiwa. Wani bunsuru ya ɗauki tunkuyin ginshiƙi a matsayin sana'a, sai na kewaye ginshiƙin da duwatsu. Suka koma gwaigwayar gorar a inda ta sauko jikin bango. Maƙwabcina Luke, katikis ɗin cocin Katolika, ya ba ni shawarar in shafa barkono. Na shafa. Suka lashe shi tas, suka dube ni ko akwai ƙari. Daga ƙarshe kwano na naɗa a wurin na buga ƙusa. Duk wannan mun ci nasararsa, ina kuma faɗa ba don yabon kai ba.

Sai aka haifi Insifekta, jikar Sista, a 1975. Roseline ce ta raɗa mata sunan, don ba ta wuce abu ba ta bincika ba. Ta ci bakin tsohuwar hulata ta reluwe. Ta ci bangon littafin waƙar Afiniki. Ta ci rabin sirdin keken Luke yana tsaye yana yi mini wa'azi a kan haƙuri. Amma ba ta taɓa kai wa marigayin hari ba. Tsayawa kawai take yi a ƙarƙashinsa, ta karkata kai, tana tuƙa, tana kallo. Shekara biyu tana wannan kallo. Na ɗauka girmamawa ce.

Ciwon ajali ya fara ne daga rufi. Gara ta ci azarar bakin ƙofa, inda muke rataye ganye, kwanon wurin ya lotsa ya fara yoyo. Na ce zan gyara ranar Asabar. Asabar huɗu suka wuce. Ranar Alhamis ɗin da safe na tarar da ganyen ya jiƙe sharkaf, jiƙaƙƙen ganye kuwa zawo yake sa su. Na dubi ɗakin, babu busasshen wuri sai tsakiya. Na kwance damin na rataye shi a azarar tsakiya, taƙi biyu daga marigayin, na ce yau kaɗai. Da rana hadari ya taso, Afiniki ta ɗauko turminta daga tsakar gida don kada ruwa ya dake shi, ta nemi busasshen wuri, ta kife shi a tsakiya. Can Luke ya shigo fakewa, ya ga igiya ta shaƙe wuyan Insifekta, tausayi ya kama shi, ya ƙara mata tsawo. Wajen ƙarfe huɗu gari ya yi duhu saboda ruwa, na ruga na kunna musu wuta, na koma ɗaki cin dafaffiyar masara. Ban lura da turmin ba. Hannun da na ja igiyar da shi kuma a jiƙe yake. Doka uku da muka riƙe shekara goma sha biyu, a yini guda muka karya su duka.

Afiniki ce ta ga ƙarshen, daga ƙofar kicin. Insifekta ta hau turmi cikin natsuwa. Ta cinye ganyen da ya rage. Da ya ƙare sai ta juya ga abu na gaba da ya sauko daga sama a bakin igiya, kamar yadda muka koya mata, muka koya wa uwarta da kakarta. Ta kama ragar da haƙori ta ja. Turmin ya gangare, ta yi ɗan lokaci tana reto tsakanin sama da ƙasa, sannan ragar ta ɓalle ta faɗo da ita. Marigayin ya yi lilo sau ɗaya, ya bugi azara. Afiniki ta ce ya yi wani haske fari fat wanda bai taɓa yin irinsa ba a rayuwarsa, har ta ga kowace kusurwar ɗakin. Sai ya ce "fit". Bai ƙara cewa komai ba.

Insifekta ko ƙwarzane ba ta yi ba. Gorar Romanus ta riƙe wayar, wuta ba ta ja kowa ba, ciyawa ba ta kama ba. Ko a mutuwarsa marigayin bai cuci kowa ba.

Ranar Asabar Roseline ta zo daga wurin aiki don tabbatar da rasuwar. Babu ko tsagewa a jikinsa, in ka gan shi sai ka ce barci yake. Ta ɗaga shi ta duba a rana, ta kai kunne ta girgiza a hankali. Dukanmu muka ji wani abu a ciki yana cewa "tsil, tsil". Ta ce, "Baba, zaren ciki ya tsinke. Babu abin da za a yi." Ta miƙo mini shi da hannu biyu, ta ce za ta duba citta a bayan gida. Ba mu shuka citta a bayan gida ba, amma ta daɗe a can.

An kafa kwamitin bincike mai mutum uku, ni da Afiniki da Luke, ni ne shugaba. Na kawo maganar turmi. Afiniki ta kawo maganar igiyar wuya. Luke ya kawo maganar Asabar huɗu, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, abin da ban ga amfaninsa ba. Bayan doguwar muhawara kwamitin ya gano cewa turmi ba ya jan akuya, igiya mai tsawo ma ba ta jan akuya, ganye ne ke jan ta, kuma hannun shugaba ne ya rataye ganyen. Na amince da rahoton. Luke ya kawo shawarar hukunci.

"Dattijo," ya ce, "a yanka Insifekta kawai. Mu ci da citta da barkono ranar jana'iza, kowa ya huta."

Na ƙi. Ba don ina ƙaunarta ba, Allah ya sani. Amma wadda ta yi kisan da wanda aka kashe duk na mutum ɗaya ne. An ba ni ajiya biyu, ɗaya ta ci ɗaya, ni kuma na riƙe mata tsani. Ba zan ƙara da yanka wadda ta rage ba sai mai ita ya ce.

Marigayin ya bar mazauninsa na tagulla, wanda ke nan lafiya. Ya bar gora mai tsawon taku goma sha huɗu, da raga wadda ta lanƙwashe amma na miƙar da ita, da igiyar kunnawa, da ƙugiyar Afiniki wadda yanzu ba ta da aikin yi. Ya bar nas guda ɗaya. Ya bar awaki goma sha bakwai, cikinsu har da wadda ake tuhuma, wadda har yanzu take tsayawa a wurin tana kallon sama. Ya bar ƙwari marasa adadi da ba su san inda za su nufa ba. A Gabas kuma, in Ubangiji ya yarda, ya bar Romanus da Immaculata da Uzoamaka.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, tun da takardar rasuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ne. Da yammar ranar da abin ya faru, Afiniki ta zauna a kan turmin nan ta ce, "To, Baban Roseline, yanzu sai mu yi wa Romanus addu'a." Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba a aurenmu, na kuma nemi gafara daga baya. Ba don ta yi camfi na yi tsawar ba. Shekara shida ke nan, kowace magariba in na kama igiyar nan, sai na riƙe numfashi. In na ji "ƙyas" sai in saki, in ce a zuciyata, to, yau ma yana nan. Ni da nake tsayawa gaban ikkilisiya ina gargaɗi a kan irin wannan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ashe ita tana ganina ta ƙofar kicin. Ina kewar mutumin nan ƙwarai, kuma tsoro nake ji.

Ga yadda aka shirya jana'iza. Gawar tana cikin gwangwanin madara da aka shimfiɗa wa auduga, a saman kabad, a ɗakin da akuya ba ta shiga. Kwalinsa na asali da ya dace a sa shi a ciki, an cinye shi tun 1968. Za a binne shi a gindin mangwaron bayan ɗakin awaki, inda na auna na tabbatar igiyar kowa ba ta kaiwa. An ɗan yi jayayya a kan wanda zai jagoranci sujada, don Luke ya ce marigayin ɗan Katolika ne tun daga aljihun da ya fito, ni kuma na ce a gidanmu ya yi rayuwarsa. An daidaita, Luke zai buɗe da addu'a, ni zan rufe. Zumuntar mata za su kawo kunu da tuwon acca. Ba a gayyaci awaki ba, amma mun san za su halarta. Masu zuwa gaisuwa su bar kekunansu a waje.

Ba a sa rana ba. Ranar ita ce ranar da mai gawa ya iso.

Kafin nan, na canza azarar bakin ƙofa, na buga sabon kwano, ganye ya koma wurinsa. Luke ya kawo sabon ƙwai mai wat sittin, na gode masa, yana nan cikin kwalinsa ba a buɗe ba. Tsani yana jingine a bango. Afiniki ta koma shiga ɗakin da fitilar kananzir da sanda, tana bugun ciyawa kafin ta taɓa, kamar yadda take yi a da. Kullum sai ta ce in sa sabon, kullum ina ce mata ba ni na sa ba.

Ina roƙon duk mai hawa jirgin Gabas ya kwafi wannan takarda ya tafi da ita Enugu da gaba, ya karanta a tasha ko a ƙofar coci. Romanus gajere ne, yana da wushirya, farcen babban yatsansa na hagu baƙi ne saboda wuta ta taɓa jan sa, kuma in ya hau tsani yana fito. Yanzu zai kai shekara hamsin da biyu. A gaya masa gulob ya rasu a hannuna, laifina ne, ya zo ya yi mini faɗa, ya canza da hannunsa, ya kwashi awakinsa. In ba zai iya zuwa ba, Immaculata ta zo. In ita ma ba za ta iya ba, Uzoamaka ta zo, yanzu ta kai shekara ashirin, tabarmarta tana nan. Duk ranar da jirgin Gabas zai shigo, za a same ni a tasha kusa da famfo, da hular reluwe wadda aka ci bakinta.

In kuwa akwai wanda ya san dalilin da ya sa babu ɗayansu da zai zo, ina roƙonsa don Allah kada ya buɗe baki ya rufe ya ɗauki kayansa. Ya tsaya ya gaya mini a fili, zan iya ɗauka. Shekara shida ƙwan lantarki nake tambaya, yanzu kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ubangiji ya ba mu haƙuri.

Andrawus Kumai, mai riƙon ajiya,
Kafanchan.